Pickle, Ɗan Aiken Trafalgar da Ya Ƙare a Duwatsun Chipiona

Fam 46 da sule 19 da kwabo ɗaya. Abin da Laftanar John Richards Lapenotiere ya kashe ke nan a kan hayar dawakai da keken doki, daga garin Falmouth da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila zuwa birnin Landan, a farkon watan Nuwamba na 1805. Ya rubuta lissafin zango-zango ya miƙa wa hukumar sojan ruwa don a mayar masa da kuɗinsa, domin sun kai kusan rabin albashinsa na shekara. Tafiyar mil 271 ce, an canza masa dawakai sau 21, kuma ya gama ta cikin kimanin awa 38. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, wayewar 6 ga wata, ya kutsa cikin hazon da ya lulluɓe Landan ya isa hedikwatar hukumar. Ya tarar da sakatare William Marsden bai riga ya kwanta ba, ya faɗa masa magana biyu a tsaye: an ci gagarumar nasara, amma Nelson, kwamandan rundunar, ya mutu.

Wannan ɓangaren na kan tudu shi ne aka fi ba da labarinsa. Jirgin da ya ɗauko mutumin da saƙon daga bakin tekun Sifaniya, tafiyar fiye da mil dubu a cikin ruwa mai hauka, sunansa Pickle, kuma bai kai shekara uku ba bayan wannan dare ya zama tarkacen katako a gefen tekun da ya yi suna a cikinta.

Pickle ba a haife shi soja ba. A tsibirin Bamuda aka ƙera shi a 1799, jirgin farar hula ne mai suna Sting. Maƙeran Bamuda sun yi fice a wancan zamani wajen yin jirage masu gudu, da katakon wata bishiya ta tsibirin wanda ba shi da nauyi kuma ba ya saurin ruɓewa. Irin jirgin da Turawa ke kira sukuna ne: jigo biyu, manyan filafilansa kuma a miƙe suke bin tsawon jirgin daga gaba zuwa baya. Manyan jiragen yaƙi filafilansu a gicciye suke, sun fi son iska ta turo su daga baya, in ta juyo ta gaba sai su yi ta kewaye-kewaye. Sukuna kuwa yana iya karkata ya tsaga iskar, ya shiga ruwa marar zurfi, ya juya cikin hanzari, kuma mutane kaɗan sun isa su sarrafa shi.

Lord Hugh Seymour, babban kwamandan jiragen Ingila a yankin Jamaika, ya yi ta hayar Sting a kan fam goma kowace rana. Da ya ga hayar tana neman cinye kuɗin jirgin, sai ya saye shi ɗungurungum a watan Disamba na 1800 a kan fam 2,500, alhali akwai umarni daga Landan cewa kada kwamandoji su riƙa sayen jirage. Da labari ya isa, aikin gama ya gama. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta nuna ita ce da iko, sai ta ba da umarni a canza masa suna zuwa Pickle. Ko wannan ma sai a 1802 ya tabbata.

Kafin nan jirgin ya yi babban aikensa na farko, kuma gawa ya ɗauka. Zazzaɓin shawara, wanda ya fi harsashi kashe sojojin Turai a tsibiran Karebiyan, ya kashe Seymour a watan Satumba na 1801, aka sa gawarsa a jirgin da ya saya da taurin kai, aka nufi Ingila da ita. Hafsan da ya ja wannan tafiya, Thomas Thrush, mutum ne mai labarin kansa: a 1825 ya rubuta wa Sarki George na Huɗu cewa ya ajiye muƙaminsa na soja, domin ya gamsu cewa yaƙi bai halatta ga Kirista ba.

Lapenotiere ya karɓi Pickle a 1802. An haife shi a 1770 a Ilfracombe, zuriyar Faransawa 'yan Furotesta ne da rikicin addini ya kora daga ƙasarsu. Tun yana yaro ya shiga teku, ya je har tekun Fasifik, ya kuma yi tafiya ƙarƙashin sanannen Kyaftin William Bligh. Sai dai a rundunar ruwan Ingila ta wancan lokaci, ƙwarewa ba ta isa ta ɗaga mutum ba in ba shi da uwa a gindin murhu. Ya haura shekara talatin da haihuwa yana laftana, aka ba shi jirgin da 'ya'yan manya ba su so.

Dalilin ƙin a fili yake. Tsawon Pickle ƙafa 73 ne, faɗinsa ƙafa 20 da 'yan kai, yana ɗauke da mutum kamar 40 a cunkushe, igwoginsa kuma ba su wuce goma ba, gajeru ne masu cin kusa. In teku ta tashi, ruwa ta kan bene yake bi, tufafi ba su bushewa, wutar girki ba ta zama. Da yawa daga ƙananan sukunan da rundunar ta yi amfani da su a yaƙe-yaƙen Napoliyon, ko dai teku ta haɗiye su ko maƙiya suka kama su. Amma babu kwamandan da zai iya aiki ba tare da irinsu ba. A zamanin da babu waya babu rediyo, idon runduna da kunnenta da bakinta duka ƙananan jirage ne. Su ke laɓaɓawa bakin tashar abokan gaba su ƙirgo jirage, su ke kai wasiƙa, su ke kawo albasa da ɗanyen nama, su ke tsamo wanda ya faɗa ruwa. A watan Maris na 1804, da babban jirgin yaƙi Magnificent mai igwa 74 ya hau dutse kusa da Brest, Pickle yana cikin waɗanda suka kwashe mutanensa.

Ranar da igwogi suka yi magana

A watan Oktoba na 1805 Pickle yana tare da rundunar Nelson a gaban tashar Kadiz, inda jiragen Faransa da na Sifaniya suka taru ƙarƙashin Adimiral Villeneuve. Yana cikin ƙananan jiragen da aka tura su matsa kusa da gaɓa su riƙa leƙen abin da ke cikin tashar. Ranar 21 ga wata aka yi arangama kusa da tsinin ƙasar da ake kira Trafalgar: manyan jirage 27 na Ingila, 33 na Faransa da Sifaniya. Jirgin Nelson, Victory, yana da igwa fiye da 100 da mutum sama da 800. Na Sifaniyawa, Santisima Trinidad, ya ma fi shi. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya sauke wa Pickle wutar gefe guda, da ko allon da za a gane shi da shi ba za a samu ba. Saboda haka shi da ɗan'uwansa ƙarami, Entreprenante, suka tsaya a gefe. Ba a sa ran su yi faɗa ba, ba su kuma yi ba.

Aikinsu ya zo da yamma. Wuta ta kama jirgin Faransa mai suna Achille daga saman jigonsa, jigon ya karye ya faɗo a kan bene, wutar ta bi jirgin tana neman rumbun albarushi. Mutane suka yi ta tsalle cikin ruwa. Ingilishi suka daina harbi suka sauke kwale-kwale, ciki har da na Pickle, suka matsa kusa da jirgin da igwoginsa ke tashi da kansu saboda zafi. Wajen ƙarfe shida saura kwata Achille ya tarwatse. Wannan ƙarar ita ce ta rufe yaƙin.

Cikin waɗanda aka tsamo akwai wata Bafaranshiya mai suna Jeannette, matar ɗaya daga ma'aikatan jirgin, wadda ta kasance tana taimakawa wajen miƙa albarushi a can ƙasa. Da wuta ta tare mata hanya, sai ta fita ta wata taga a bayan jirgin ta maƙale a sarƙar matuƙi, har darmar da ke sama ta fara narkewa tana ɗigo mata a jiki. Ta tuɓe ta faɗa ruwa, ta riƙe wani katako har aka kai gare ta. Matuƙan Pickle suka rufa mata asiri da abin da suke da shi, daga baya aka mayar da ita babban jirgi Revenge, inda hafsoshi suka haɗa mata yadi da allura ta ɗinka wa kanta sutura. Bayan 'yan kwanaki ta ga mijinta da rai a cikin fursunoni.

Daren nan Pickle ya kwana da Faransawa fiye da ɗari a cikinsa, sun ninka masu jirgin har kusan sau uku. Mutanen Lapenotiere suka kwana da makamai a hannu, don sun ji ƙishin-ƙishin ana shawarar ƙwace jirgin a shige da shi Kadiz. Ba a kai ga haka ba.

Nelson ya riga ya cika tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, sakamakon harsashin da aka harbo masa daga saman jirgin Redoutable. Ragama ta koma hannun Cuthbert Collingwood, wanda nasa jirgin ya yi raga-raga har sai da ya koma wani mai suna Euryalus. Sai kuma guguwa ta taso, ta yi kwanaki tana dukan masu nasara da waɗanda aka ci ba bambanci. Cikin jiragen da aka kama, huɗu kacal aka iya kaiwa Jibralta. Sai ranar 26 ga Oktoba Collingwood ya samu sararin kiran Lapenotiere ya danƙa masa rahoton yaƙin.

Ba ƙaramar alfarma ba ce. Bisa al'adar rundunar, wanda ya kai labarin nasara ana ƙara masa girma, a kuma ba shi tukuici. Laftanar Robert Young na Entreprenante ya sa rai, amma sai kwafin rahoton aka ba shi ya kai Faro a ƙasar Fotugal, abin da ya daɗe yana ci masa rai.

Kwana tara a ruwa

Bayan kwana biyu, kusa da gaɓar Fotugal, Pickle ya gamu da wani jirgin Ingila, Nautilus, ƙarƙashin Kyaftin John Sykes. Lapenotiere ya ba shi labari. Sykes ya ga dama ta samu, ya bi ta Lisbon ya sanar, sannan ya saki filafilai ya nufi Ingila shi ma. Aike ya koma tsere, kuma wanda ya fi girman muƙami da girman jirgi ne ke bin ƙaramin.

Da suka doshi arewa, iska ta sake ɓaci. Pickle ya fara shan ruwa, famfon fitar da ruwa ya toshe, mutane suka koma kwarfa da bokiti. Lapenotiere ya sa aka tura igwogi huɗu cikin teku don a rage nauyi. Jirgin yaƙi ya zubar da kusan rabin makamansa domin ya tsirar da takarda, kuma babu wanda ya ga laifinsa, don takardar ita ce aikin. Da guguwar ta wuce kuma sai iska ta ɗauke ɗif, har aka fito da dogayen itatuwan tuƙi ana jan jirgin da ƙarfin damtse. Ganin haka ne ya sa bai tsaya neman Plymouth ba, ya sauka a Falmouth da safiyar 4 ga Nuwamba ya nemi keken doki. Mutanen garin Penzance har yau suna cewa masuntansu ne suka fara jin labarin daga bakin matuƙan Pickle a kan ruwa, su kuma na Falmouth ba su yarda a raba musu wannan alfahari ba.

Ya bi ta Truro da Bodmin da Exeter da Dorchester da Salisbury da Basingstoke. Sykes, wanda ya sauka a Plymouth, ya iso hedikwatar jim kaɗan bayansa, ya tarar an riga shi. Da yaƙin ya jinkirta da shekara guda ma, da tseren bai yi armashi haka ba, domin a 1806 aka kammala jerin hasumiyoyin isar da saƙo da alamu tsakanin Plymouth da Landan.

Marsden ya ɗauki kyandir ya je ya ta da shugaban hukumar, Lord Barham, tsoho ɗan kusan shekara 80. Akawuna suka kwana suna kwafe rahoton. Aka ta da Firayim Minista William Pitt cikin dare, aka aika wa Sarki George na Uku a Windsor, kafin yini ya yi nisa jaridar gwamnati ta fito da bugu na musamman. Labarin ya zo a kan gaɓa, don 'yan kwanaki kafin nan Landan ta ji cewa rundunar Ostiriya ta miƙa wuya ga Napoliyon a Ulm. Akan ce Trafalgar ce ta hana Napoliyon mamaye Ingila, amma gaskiyar ita ce tun ƙarshen Agusta ya kwashe sojojinsa daga Boulogne ya nufi gabas. Abin da yaƙin ya yi shi ne ya tabbatar wa Ingila mulkin teku, wanda ta riƙe har shekara ɗari.

Lapenotiere ya samu ƙarin girma zuwa kwamanda, da fam 500, da takobin girmamawa na gini 100 daga asusun 'yan kasuwar Lloyd's. Ya bar Pickle ya koma jirgin da ya fi shi, ya zama cikakken kyaftin a 1811, ya rasu a Cornwall a 1834. Mutum arba'in ɗin da suka yi kwarfa da bokiti kuwa, su da jirginsu suka koma bakin aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Faɗan da ya fi fito da Pickle a matsayin jirgin yaƙi ya zo ne bayan haka. Ranar 3 ga Janairu na 1807, ƙarƙashin Laftanar Daniel Callaway, ya ci karo da Favorite kusa da gaɓar Cornwall. Jirgin Faransa ne na masu farautar jiragen 'yan kasuwa da izinin gwamnatinsu, yana da igwa 14 da mutum kamar 70. Callaway ya san a musayar wuta ba zai yi riba ba, sai ya manna jirginsa a jikin nasu, mutanensa suka haura da takubba suka ƙwace shi cikin 'yan mintoci. Shekara 40 bayan haka, a 1847, da aka fito da lambar yabo ga tsofaffin sojojin ruwa, an yi wa wannan faɗa tambarinsa na musamman. 

Tsakar dare a Chipiona

A 1808 duniya ta juya. Mutanen Sifaniya sun yi wa Napoliyon bore tun watan Mayu, ragowar jiragen Faransa da suka tsira daga Trafalgar suka miƙa wuya ga Sifaniyawa a cikin tashar Kadiz a watan Yuni, abokan gabar jiya suka zama abokan tafiya. Collingwood yana nan a gaban Kadiz, kuma Pickle, yanzu ƙarƙashin Laftanar Moses Cannadey, ya taso daga Ingila da wasiƙu zuwa gare shi. Hanyar da ya bi da rahoton Trafalgar ita ce yake bi a juye.

Da yammacin 26 ga Yuli, Cannadey ya hango tsinin Santa Maria a kudancin Fotugal, ya ɗora lissafin tafiyarsa a kan wannan gani. Yadda ake yi a lokacin shi ne: a duba kamfas a san inda aka dosa, a jefa wani ɗan katako mai igiya a baya, a kifa kwalbar yashi, a ƙirga ƙullin igiyar da suka zare kafin yashin ya ƙare, a san gudun jirgi. Daga gudu da lokaci sai a fitar da nisan da aka ci. Lissafi ne mai kyau matuƙar ba a yi kuskuren mafari ba, kuma ruwa bai ja jirgin a ɓoye ba. Shi ya sa duk matuƙin da ya doshi gaɓa da dare yake da mataimaki na biyu: curin darma a bakin doguwar igiya. Mutum ya tsaya a gefen jirgi ya wurga, ya ji ta taɓa ƙasa, ya faɗi zurfin da ƙarfi. A gindin darmar akwai rami da ake cusa wa kitse, in an jawo sai a ga yashi ne ya manne ko laka ko ɓawon kifi, gwani kuma ya gane inda yake ko da idonsa a rufe.

Daren nan ba a yi wannan ba. Da tsakar dare masu gadi suka hango ruwa yana farfashewa da kumfa a gabansu. Mai riƙe da matuƙi ya yi ƙoƙarin juyawa, amma lokaci ya ƙure. Pickle ya hau duwatsu, ya kwanta ta hagu, ruwa ya fara cika shi. Mutane suka shiga kwale-kwale suka fita gaɓar Sifaniya, inda da a ce watanni kaɗan kafin nan ne, da kurkuku za su wuce. Da gari ya waye Cannadey ya koma ya duba, ya tarar cikin jirgin ya burme gaba ɗaya. A nan ya gane cewa a Chipiona suke, kusa da bakin kogin Guadalquivir, arewa da Kadiz. Ba sabon tarko ba ne: tun kafin haihuwar Annabi Isa Rumawa suka gina hasumiya a wurin don gargaɗin matuƙa, kuma fitilar jirage mafi tsawo a Sifaniya a yau a nan take.

Saura wasiƙu. Wani gwanin nutso ɗan tsibirin Malta ya yi kwana uku yana shiga yana fita cikin tarkacen kafin ya fito da su.

Kotun soja ta zauna ranar 2 ga Agusta, kamar yadda doka ta tanada duk lokacin da aka rasa jirgin sarki. Ta ce an yi kuskure a lissafin nisan da aka ci wanda ba a iya gano dalilinsa ba, ta nuna cewa da an riƙa gwada zurfin ruwa da ba a kai ga haka ba, sannan ta gargaɗi Cannadey ya riƙa kula a gaba. Hukuncin ya yi sauƙi, amma ba abin mamaki ba ne. Ana tsakiyar yaƙi, rundunar tana da ɗaruruwan jirage, an tsirar da mutane, an tsirar da saƙo, abin da ya salwanta ɗan sukuna ne mai shekara tara. Ba a daɗe ba aka ba Cannadey wani ƙaramin jirgi.

Sunan dai bai nutse ba. An sa wa wasu jirage shi daga baya, ɗaya daga cikinsu, shi ma sukuna, ya kama jirgin fataucin bayi Voladora kusa da Kuba a watan Yuni na 1829, da 'yan Afirka fiye da 300 a cikinsa. A 2005, cikar shekara 200 da yaƙin, aka kafa alluna a garuruwan da Lapenotiere ya canza dawakai, aka sa wa hanyar suna Trafalgar Way. Manyan hafsoshin ruwan Ingila suna yin liyafarsu ta tunawa da Nelson kowace 21 ga Oktoba. Manyan kurata kuma suna da tasu a farkon Nuwamba, daidai lokacin da labarin ya isa gida, suna kiranta Daren Pickle. An fara ta a 1974 a barikin sojan ruwa da ke Portsmouth.